Soso a Bayan Bangon Inna

Yayana mai katifa ne, amma in ka tambayi kowa a danginmu labarinsa, ba da katifa zai fara ba. Da rediyon Baba zai fara. Yaya yana ɗan firamare ya kwance ta tas don ya ga mutumin da ke karanta labarai a ciki, ya jera kayan cikinta a kan tabarma, ya kasa mayarwa. Daga rediyo ya koma agogon bango, daga agogo sai keken ɗinkin maƙwabciyarmu, wanda sai da Inna ta yafa mayafi ta je ban haƙuri. Duk abin da aka rufe yana tsone masa ido. Tambayarsa ɗaya ce, me ke ciki, har ta bi shi ta zame masa suna. Yanzu furfura ta ci rabin gemunsa, amma ƙannen Inna in sun zo har gobe Mekeciki suke ce masa, ya amsa yana sosa ƙeya. Ni Yaya nake cewa, don ni ce auta kuma a bayansa na girma.

Makaranta ba ta jitu da shi ba. Ba daƙiƙi ba ne, sai dai malami yana shafi na gaba shi yana can baya yana neman dalilin abin da aka wuce. Da Baba ya gaji, sai ya kai shi wurin wani mai gyaran kujeru da katifu. Nan Allah ya haɗa shi da sana'ar da ake kawo maka abu a roƙe ka ka farke shi. Na taɓa ganinsa ya yage bayan wata tsohuwar kujera, fuskarsa kamar ta yaron da aka kawo wa tsaraba, wai yana so ya ga yadda mai aikin farko ya ɗaure sifirin. Mai kujerar na tsaye yana jira, shi kuma yana ta yabon mutumin da bai taɓa gani ba.

Shagonsa ɗan tsukuku ne mai zurfi. Soso jibge har silin, rawaya da shuɗi da ruwan hoda, warin gam ya kama komai har rigar jikinsa. Ga doguwar wuƙar da yake yanka soson, ga keken ɗinki a lungu, sannan buhuna a bayan ƙofa cike da guntayen da suka rage. Yaya ba ya zubar da guntu. Matarsa ta sha cewa wata rana guntayen nan za su kore shi daga shagon ya koma aiki a bakin titi. Doka ɗaya ce a wurin, ba a shiga da wuta. Mutumin da ko kaza ba ya iya yi wa tsawa, na ga ranar da ya raka wani babban kwastoma har titi saboda ya shigo da sigari a hannu. Ya san soso, ya san yadda yake ci da wuta, kuma wannan ne abin da ya fi ɗaure mini kai a duk labarin.

Gidansa da hannunsa ya gina shi. Magini ya fitar masa da tushe, sauran kuwa ya koya ne da tsayuwa a gefen gine-ginen mutane yana damunsu da tambaya har su kore shi. Ranar da ba shago zai ɗora bulo 'yan layuka, ya ja da baya ya kalla, wani lokaci ya rushe ya sake. Shekaru aka ɗauka. Mu 'yan'uwa mun mai da ginin abin zolaya, kowa ya gan shi sai ya tambaye shi ko jikokinsa ne za su yi rufi. Amma ya rufa, ya sa ƙofa da taga, kuma da Baba ya rasu shi ya ɗauko Inna ya ba ta ɗakin da ya fi kowanne girma.

Aibin ɗakin ɗaya ne, yamma yake kallo. Shi da kicin a bango ɗaya suka jeru, kuma daga azahar rana take zama a kan bangon nan ba ta tashi sai ta faɗi. Bulo ya sha zafi ya ƙoshi, in dare ya yi ya dinga amayar da shi cikin ɗaki. Fanka ba abin da take yi sai juya maka zafin. Inna ga hawan jini ga ciwon gwiwa, ba ta samun barci, ta rame, ta koma mafaɗaciya. Mu da muke zuwa gaisuwa ma muna kwasar namu rabon.

Yaya ya yi ta zagaya bangon yana dafa shi da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓi. Ana nan ya ga wani gini a cikin gari da aka lulluɓe jikinsa da katako daga waje, ya durƙusa yana leƙe ta ƙasa har mai gadi ya tambaye shi me ya ɓace masa. Ya dawo gida ya kafa siraran katakai a tsaye a jikin bulon, ya bi su da faffaɗan katako a kwance, kowanne ya ɗan hau kan na ƙasa da shi don ruwan sama ya zame. Tsakanin bulo da katakon sai aka sami rata kamar faɗin tafin hannu, tun daga ƙasa har ƙarƙashin kwano. Ginin da ya gani a gari wayam aka bar tasa ratar. Shi kuwa Yaya ya kalli tasa, ya tuna da buhunan bayan ƙofar shago. Ya kwaso su kaf, ya dinga cusa guntayen soso yana rufewa da katako, layi bayan layi har sama.

Abin ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Ɗakin ya koma kamar gindin randa, hayaniyar titi ma ta ragu. Inna ta soma barci har da na rana, kumatunta suka dawo. Ita ba mai yabo ba ce. Ni da na gama makarantar horon malamai, iyakar abin da na samu shi ne to, Allah ya sa a amfana. Amma a kan bangon nan bakinta ya buɗe. Duk baƙuwar da ta shigo sai an kama hannunta an ɗora a jikin bango.

"Taɓa ki ji," in ji Inna. "Shi ya yi, da kansa. Ba wanda ya koya masa."

Ƙannenta da suka raɗa masa Mekeciki duk sun taɓa, sun ce madalla. Yaya yakan tsaya a bakin ƙofa yana danna waya kamar bai ji ba, alhali bakinsa ya ƙi rufuwa. Na taya shi murna ƙwarai, ko da yake na ɗan ji kishi.

An yi damina biyu ko uku a haka. Wata rana da yamma matar Yaya ta kunna maganin sauro ta ajiye a gindin bangon, inda suke shimfiɗa tabarma su sha iska. Yaya ya lura hayaƙin ba sama yake yi ba, lanƙwasa yake ya shige ƙarƙashin katakon ƙasa kamar ana zuƙarsa. Wani zai gani ya ci gaba da hirarsa. Shi ya tsuguna ya yi ta kallo, sannan ya ja da baya har jikin katanga ya ɗaga kai. Can a ƙarƙashin kwano ga hayaƙin nan siriri yana fita.

Murna ya fara yi. Ya kira ni a waya yana zumuɗi, wai ya gano bangonsa yana numfashi. Ya ce shi a zatonsa soson ya toshe ratar ruf, ashe guntaye ba sa haɗe baki, akwai 'yan hanyoyi a tsakaninsu. Rana tana gasa katako, iskar ciki ta yi zafi ta haye sama, ta jawo wata daga ƙasa. Yana cikin bayani ina cewa uhm, don ina da tarin littattafan yara a gabana, sai na ji ya yi tsit. Na ɗauka layi ne ya katse.

"Auta," ya ce, muryarsa ta sauya. "In hayaƙi ya san hanyar nan, me zai hana wuta ta san ta?"

Daga baya ya faɗa mini yadda ya yi lissafinsa tun farko. Soson shago yana da haɗari ne don yana fili, iska na kaɗa shi ta ko'ina. Wanda aka matse tsakanin bulo da katako kuwa, a ganinsa, kamar abin da aka rufe a gwangwani ne, kuma wuta ba ta rayuwa in ba iska. Da bai san soso ba da wataƙila ya ji tsoro ya tambaya. Sanin ne ya sa bai tambayi kowa ba, shi da yake tambayar kowa komai.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya tafi ofishin 'yan kwana-kwana, wurin wani ma'aikacinsu da ya taɓa gyara wa kujerun falo, ƙaton mutum mai magana a hankali. Ya zana masa bangon da yatsa a kan tebur, ga bulo, ga katako, ga rata. Mutumin yana gyaɗa kai har aka zo kan abin da ke cikin ratar.

"Da me ka ce ka cika ta?"

"Soso. Guntayen shago."

"Wa ke kwana a ɗakin?"

"Mahaifiyata."

Mutumin ya ɗauki hularsa ya ce su je ya gani.

Ina gidan lokacin da suka iso, don tun wayar nan na kasa zama. Ɗan kwana-kwanan ya durƙusa a gindin bangon, daidai ƙarƙashin tagar Inna, ya haska tocila ta ƙasa ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba. Ya ce lulluɓe bango da katako ba laifi ba ne, ratar ma ana bukatarta don danshi ya bushe kuma zafi ya fita. Sai dai rata irin wannan bututun hayaƙi ce da aka manna a jikin gida. Wuta in ta samu shiga, ko ta tagar kicin, ko daga wayar lantarki, ko daga shara a gindin bango, gudu take a ciki fiye da yadda take yi a fili, kuma ba mai ganinta sai ta kai ƙarƙashin kwano ta faɗa silin. Ya ce su kansu in sun zo ruwan da za su fesa zamewa zai yi a kan katakon, tunda Yaya ya jera shi ne don kar ruwa ya shiga. Yaya ya ɗan yi dariya a nan, irin ta wanda abu ya burge, sannan dariyar ta maƙale. Mutumin ya ƙara da cewa shi soso hayaƙinsa ne ke fara kayar da mutum, balle mai barci, tun wutar ba ta iso ba.

Ƙa'idar ginin, in ji shi, ba a barin abin da ke ci da wuta a cikin ratar. Kuma ba a barinta a buɗe sambal daga ƙasa har sama, datse ta ake. A kewaye kowace taga da ƙofa, a toshe can sama kafin kwano, a kuma raba daidai inda kicin ya ƙare ɗaki ya fara, yadda in wuta ta shiga wani sashe za ta tsaya a nan. Ya ce akwai abin da ake kira audugar dutse, dutse ne ake narkawa a kaɗa shi ya zama kamar auduga. Ba ta ci da wuta, kuma tana tare zafin rana kamar soso ko ma fiye.

Yaya ya ce to ai nan gizo ke saƙa. In ya toshe, ta ina iska za ta bi, bayan shi da kansa ya ce ana bukatarta? Mutumin ya yi murmushi ya ce akwai wani ɗan baƙin abu mai kama da bel da ake mannawa a bakin toshiyar. Kullum yana barin hanya kamar kaurin yatsa iska na wucewa, amma ranar da zafin wuta ya taɓa shi sai ya kumbura ya rufe hanyar ruf. Na ga idon Yaya ya kawo haske. Mutum ne da aka gama gaya wa ya jera wa uwarsa makamashi a bayan gado, amma ga shi yana tambayar me aka zuba a cikin bel ɗin da har yake kumbura. Na ji kamar in make shi, na kuma ji ni ma ina son in sani.

Yaya ba ya yarda da abu sai ya gwada. Ya yi ta yawo a wurin masu kayan gini har ya samo audugar da bel ɗin, sannan ya kira mu filin da ke bayan gida ranar da ɗan kwana-kwanan ke hutu. Mutumin ya zo da tukunyar kashe wuta ya tsaya a gefe. Da farko Yaya ya tara guntayen soso a ƙasa ya ƙyasta ashana. Suka kama, baƙin hayaƙi ya tashi, amma wutar rarrafe take tana bin gefe. Sai ya koma kan wani ɗan bango da ya haɗa mai tsayin mutum, bulo a baya, katako a gaba, soso a tsakiya, sak irin na gida. Ya sa ashana ta ƙasa ya ja baya. Ba mu ga komai ba, har na ce ta mutu. Ban rufe baki ba muka ji wani gurnani kamar na risho in an murɗa shi har ƙarshe, harshen wuta ya tuɗo ta sama ya fi bangon tsawo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne katakon gaba lafiyarsa lau, ko baƙi bai yi ba. Da a ce ta gefensa ka zo wucewa da sai ka jingina.

Bango na biyu da ya haɗa shi ne mai auduga da bel. Ya tura tsumma mai ci da wuta ta ƙasa. Wutar ta lasa ta haura kaɗan, sai bel ɗin ya soma tashi kamar burodi a tanda, ya cika ratar, hayaƙin da ke fita ta sama ya ɗauke. Yaya ya jira ya huce, ya ɗauko wuƙa ya tsaga abin da ya kumbura ya kai hanci yana sansana.

Ta ɓangaren kicin ya fara. Ya ɓamɓare katakon, soson ya fito ya yi toka-toka yana marmashewa, da sheƙar ɓeraye a ciki, na kusa da tagar kicin kuma ya sha maiƙon girki yana danƙo. Akwai wani guntu da ya zaro daga inda wayar fitilar waje ta ratsa, gefensa ya narke ya yi ruwan ƙasa. Ya nuna mini, ya sa a aljihu. Ya jera auduga, ya datse inda aka ce, ya mai da katakon, har ya iso iyakar ɗakin Inna. Ita an ce mata gyara ake. Da ta hango buhunan soso a tsakar gida sai ta aika a kira shi.

Ya durƙusa a gabanta ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya rantse mata sabon aikin zai yi sanyi kamar na da, ya ce in tana so zai haɗa ɗan bangon nan ya ƙona a gabanta ta gani. Inna ta ce ta san wuta tun kafin a haife shi, kuma duk tsawon kwanan da ta yi a ɗakin me ya same ta?

"Kicin naku ne, ku yi yadda kuka ga dama," ta ce. "Bangona kuwa, in ka zare ƙusa ɗaya ban yafe ba."

Wanda bai san Inna ba zai ce maganar tsofaffi ce, gobe ta manta. Ba ta taɓa faɗa wa ɗayanmu wannan kalma ba, duk ɓarnar da muka yi muna yara. Yaya ya tashi ya je ya tattara kayan aikinsa.

Ni ba ni da haƙurinsa. Na bari ya fita na shiga na rufe ƙofa, na zazzage mata abin da ke cikina. Na ce ba ta iya kaiwa ƙofa sai da sanda, tagarta kuma ƙarfe ne ya gitta ta, in abu ya faru ta ina za a bi? Na ce sanyin ɗaki bai kai rai ba. Ta bar ni na gama tas, har na soma jin kunyar kaina.

"Ke ba ki san komai ba, Auta," ta ce. "Kin taso kin tarar ana yi masa dariya, kin ɗauka suna ne kawai. Ni na bi gidaje ina ban haƙuri. Abu ɗaya ya yi a duniya aka zo aka taɓa aka ce madalla. Yanzu ya fito da shi tsakar gida a buhu, su zo su ce ai dama, wa ya aike shi? Da furfurarsa?"

"In wuta ta tashi fa, Inna?"

"Ni me ya rage mini? A bar masa abinsa."

Na juya na buɗe ƙofa. Haushi ya cika ni, tausayi ya cika ni, na fito ina share ido da bakin mayafi. Na sami Yaya a bayan gida na faɗa masa yadda muka yi. Ya ce ashe ba sanyin ɗakin take karewa ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Ya yanke wayar fitilar waje, ya hana kunna maganin sauro a gidan gaba ɗaya, ya ajiye tukunyar kashe wuta a bakin ƙofar Inna, ita kuma ta mai da ita maratayar mayafi. Ya rame. A shago ya yanka wa wani katifa ta gaza gado, abin da bai taɓa yi ba. Matarsa ta ce mini ba ya barcin kirki, da an soya abu ya ji ƙauri sai ya miƙe ya zagaya bango. Na kawo shawarar in ɗauki Inna ranar ganin likita in ja lokaci, shi kuma ya tara abokai su gama kafin mu dawo, tunda daga waje ba za a ga bambanci ba. Ya ce a'a. Ta ce ba ta yafe ba, kuma shi ba zai yi wa uwarsa sata a ɗakinta ba. Na ce to ya zauna ya yi ta ramewa, tunda shi da ita kan nasu ɗaya ne.

Wata Asabar bayan la'asar ina zaune a bakin gadon Inna ina yanke mata farce, sai ga Yaya ya yi sallama da 'yar siririyar katifa a ka, matashi a hammata. Ya wuce mu ya shimfiɗa ta a ƙasa, a jikin bangon, daidai ƙarƙashin taga.

"Wannan fa?" in ji Inna.

"Nan zan dinga kwana, Inna."

"Faɗa kuka yi da matarka?"

"Lafiya lau muke. Kin ce kar in taɓa, ba zan taɓa ba. Amma ni na cusa abin nan da hannuna. In wani abu ya taso gara ina kusa, in ɗauke ki."

"In ba ka farka ba fa? Ba mutumin nan ya ce hayaƙin ke fara kayar da mai barci ba?"

Ashe duk abin da ɗan kwana-kwanan ya faɗa a bayan taga, tana ciki tana ji.

"To, kin ga ba ke kaɗai ba ke nan," in ji Yaya.

Ba da gatse ya faɗa ba, shi bai ma iya gatse ba. Ya cire takalmi ya kwanta wai yana gwada wurin, kansa a jikin bango, ƙafafunsa sun zarce katifar. Inna ta zuba masa ido. Ta zare hannunta daga nawa.

"Janye kanka daga jikin bangon nan."

"Ko'ina ɗaya ne, Inna, duk tsawonsa soso ne."

Inna ta kalli katifar, ta kalli bangon. Can ta ce in miƙo mata sandarta. Na ɗauka dukansa za ta yi, kuma da ban hana ba. Amma ƙofa ta nufa, ta ratsa tsakar gida a hankali, ta zagaya bayan ɗakin, muna biye da ita. Rana tana kan bangon har lokacin. Ta tsaya ta kalli katakon daga ƙasa zuwa sama, ta shafa ɗaya da tafin hannu.

"Maganar da na yi na janye," ta ce, ba ta juyo ba. "Ɗauko kayan aikinka."

Yaya ya ce yamma ta yi, a bari sai da safe.

"Yanzu. Ba za ka kwana a wurin nan ba ko sau ɗaya."

Ya je ya ɗauko tsani da guduma da ƙarfen cire ƙusa, don daga sama ake fara ɓamɓarewa. Ya jingina tsanin ya soma hawa. Inna ta miƙo mini sandarta, ta matsa ta kama tsanin da hannu biyu. Na ce ta zo ta zauna ni zan riƙe, ko kallona ba ta yi ba. Hannun nan ba shi da ƙarfin riƙe kofin shayi ba tare da ya zuba ba, kuma duk mun sani, amma ba wanda ya ce ta saki. Ƙusa ta yi ƙara, katakon farko ya ɓalle, marmashin soso ya zubo mata a kan ɗankwali da kafaɗa. Ba ta kakkaɓe ba, idonta yana kan ƙafarsa.